Ruwan da Ya Biyo Burtali

Na san abin da ake faɗa muku game da kwas ɗin Kaduna da ban je ba. Wasu sun ce muku an hana ni ne don ban iya aiki ba. Wasu sun ce son kai na yi, na ja aikin gwamnati zuwa ƙauyenmu. Mahaifiyarku Binta kuwa, idan na ɓata mata rai, cewa take yi taurin kaina ne kawai ya ja mana. Kowa ya tsinci guntu ya riƙe. Tun da gwiwa ta hana ni yawo yanzu, hannu kuma bai fara rawa ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, ku daina ji a bakin mutanen da ba su wurin.

Ni ba injiniya ba ne, kada wani ya ƙara mini girman da ban kai ba. Mai awo ne, abin da mutane ke kira safiyo. A Gaya aka ajiye ni, ina da sarƙar awo, da madubi mai ƙafa uku, da keke wanda birkinsa ke kamawa ranar da ya ga dama. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, lokacin fari ya riga ya kama ƙasa, aka ce za a ɗaga hanyar da ta tashi daga Ajingi ta nufi wajen Toranke, a zuba mata jar ƙasa don motocin gyaɗa su riƙa wucewa ko da damina. Hanyar za ta tsallaka Kwarin Kanya, ƙasa kaɗan da ƙauyen da aka haife ni, inda Inna, mahaifiyata, take zaune tare da ƙannena. To, idan ka ɗaga hanya ka tare kwari, madatsa ka gina ko ka so ko ba ka so ba. Dole ka bar wa ruwa ƙofa. Idan ƙofar ta yi kaɗan, ruwan zai taru ya koma baya, kuma abin da ke bayan nan shi ne gidajenmu na ƙasa da rumbunanmu.

Injiniyan da ke kanmu mutum ne mai tsabta da ƙarancin magana. Daga Kano yake zuwa, sau biyu a wata. Ranar da ya ba ni aikin, ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya danne kusurwoyinta da kofin shayi da makullin mota. Ya ce abu uku yake so daga gare ni kafin ya san girman ƙofar da za a bar wa ruwa: faɗin ƙasar da duk ruwan da ya sauka a kanta ke gangarowa cikin kwarin, da irin ƙasar, ko mai shan ruwa ce ko mai tura shi gaba, da kuma nisan da ruwa ke tafiya kafin ya iso hanya, don ruwan da ya yi doguwar tafiya yakan iso kaɗan-kaɗan, wanda ya sami gajeriyar hanya kuwa gaba ɗaya yake afkowa.

"Malam Garba," ya ce, "ni ba na ganin ruwa daga Kano. Abin da ka rubuto nake gani. Idan ka ba ni awon da ba daidai ba, zan lissafa maka shi tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kuma ƙofar da za ta fito ba daidai ba ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai garinmu ne. A kwarin nan na koyi iyo."

Wannan magana ce ta kayar da ni, don na tafi da ita a kaina kamar rawani. Taswirar da muke aiki da ita tun zamanin Turawa aka yi ta daga hoton jirgin sama. A ƙasa mai duwatsu tana da amfani ƙwarai, kana kallo ka san inda ruwa ke rabuwa. Amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da muke kira tudu, da ƙyar ya fi tsawon mutum. A irin wannan wuri, inda ka ajiye bakin fensirinka nan ne iyaka, kuma fensirin a hannuna yake. Na bi doron jigawar da ke gabas da ƙauye na ja layi, na ce duk ruwan da ya sauka yamma da layin nan namu ne, na gabas kuwa na tabkin da ke wajen Gafasa ne, ba ruwanmu da shi. Na ɗauki zare na bi lanƙwasar kwarin a kan takarda na auna tsawonsa, ya fito da tsawo, abin da ke nufin ruwa zai iso a hankali. Da na zo kan irin ƙasa, na duba gonakin gero da gyaɗa na rubuta rairayi, mai shan ruwa. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Kowane abu na zaɓi wanda ya fi kama da gaskiya a idona, sai dai duk zaɓin ukun ƙanƙanta ruwan suke yi, ni kuwa ban lura ba.

Ba wai ban tambayi mutane ba. Na tambaya, amma ku ji yadda na yi tambayar. Na tara dattawa a ƙofar mai unguwa, ina sanye da kakin aiki, ga madubi mai ƙafa uku a tsaye a gefena. Mutanen da suka goye ni, suka tsame ni daga kududdufi, sai ga su suna ce mini ranka ya daɗe. Na nuna gabas da hannu.

"Ruwan kwarin nan daga jigawar can yake farawa, ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ba ya wuce can, ko?"

"Yadda ka gani, haka yake."

Da na nuna musu yamma na ce daga can yake, da haka ne za su ce. Ba munafunci ba ne. A wurinmu ba a ƙaryata ma'aikaci a bainar jama'a, balle ɗan gida da ya yi boko ya dawo da kayan aiki. Ni na san da haka, a cikinsa na tashi, amma ranar daɗin ranka ya daɗe ya rufe mini kunne. Na kai awo, injiniya ya lissafa, ya ce kwalbati mai baki biyu ta isa har da saura. Ya yaba tsabtar aikina a gaban kowa. Ba a yi wata guda ba ya sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas na shekara biyu a Kaduna, wanda duk wanda ya dawo daga shi ya bar keke da sarƙa ke nan, sai ofis da mota. Binta ta aika wa danginta labari tun kafin takarda ta fito. Ni ma kada in ɗora mata duka, na ɗinka sabuwar riga.

Ana cikin haka na je gaida Inna. Na tarar da ƙaninta, Kawu Buba, ya dawo daga kudu da ragowar shanunsa, waɗanda fari ya bar musu fata da ƙashi. Bai kasance cikin dattawan da na tara ba, kuma ko da yana nan, shi ba ya cikin masu cewa haka ne. Muna zaune a inuwar ɗakin Inna bayan azahar, tana dama mana fura, ina ba shi labarin hanya da alfahari. Ya saurara har na gama, yana sakace.

"Baki biyu," ya ce. "To, na kwari ke nan. Na burtali fa, ta ina zai bi?"

Na ce, "Kawu, burtali ai hanyar shanu ce."

"Da rani hanyar shanu ce. Ke Yaya, gaya wa ɗanki shekarar da muka rasa maruƙa."

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta ci gaba da damu, tana kallon ƙwarya.

"Shi wannan yana goye a lokacin, ina zai sani? Tabkin gabas ne ya cika ya tumbatsa, ya biyo burtali. Kafin a ɗaure maruƙa ya iso. Har ƙugu ya kama babansa a cikin burtalin."

Furar nan ban san yadda na shanye ta ba. Washegari da sassafe na bi Kawu muka hau burtalin. Na sha bin sa ina yaro, amma ban taɓa kallonsa da idon mai awo ba. Shanun kakanninmu da na baƙi masu wucewa sun yi shekaru aru-aru suna taka shi, iska tana kwashe abin da kofato ya tona, har ya nutse ƙasa da gonakin da ke gefensa. A inda ya ratsa doron jigawar, daidai wurin da na ja layina, ya yanke ta gida biyu. Na tsaya a ciki, gefensa ya kai mini kafaɗa. Ƙasansa ba rairayi ba ne, fako ne mai tauri, ko ka zuba masa tulu guda ba zai sha ba. Kuma a miƙe yake tun daga bakin tabkin har cikin kwarinmu, babu lanƙwasa. A taswira ɗigo-ɗigo kawai aka yi masa, alamar hanyar dabbobi. Wato a shekarar da aka yi ruwa sosai, duk ƙasar da na ce ta Gafasa ce, wadda ta kusa kai tamu faɗi, sai ta juyo mana da ruwanta ta gajeriyar hanya mai tauri, ya iso a lokaci guda. Duk abu ukun da injiniya ya tambaye ni, burtalin nan ya rushe su.

Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ka ce a kwarin nan ka koyi iyo? Ai a shekarun da ruwa ke da kunya ka yi wayo."

Na koma Gaya na kwana uku ban gaya wa kowa ba. Ba zan ɓoye muku ba, na nemi hanyar yin shiru, kuma hanyar tana da faɗi. Shekara nawa rabon da a ga tabkin nan ya cika? A lokacin mutane roƙon ruwa suke fita, ba wanda ke tsoron ambaliya. Takardar awon ta riga ta wuce, an sa hannu. Idan ruwan ya zo wata rana, za a ce ikon Allah ne, babu mai waiwayar fensirin safiyo. Rana ta huɗu Binta ta gaji da ganin tuwo yana dawowa yadda ta kai shi, ta tsare ni, na gaya mata. Ta zauna a bakin gado ta fara nemo mini mafita ɗaya bayan ɗaya.

"Mu ɗauko Inna ta dawo nan Gaya."

"Sauran mutanen fa? Su ma nan za mu zuba su?"

"To ka bari sai ka je Kadunan, ka rubuto daga can."

"Kafin nan an zuba siminti."

Ta yi kuka, ba don mugunta ba, don ta riga ta ga kanta a Kaduna kuma ta gaya wa duniya. Da ta share ido sai ta ce abin da har yau nake jin nauyinsa.

"Malam, ka je ka faɗa. Amma ka sani kai ka zaɓa. Kada ka dawo ka yi shekara ashirin kana yi mini tsaki a cikin gida."

Na yi mata alkawari. Ku shaida ne ban cika shi duka ba.

Da injiniya ya zo na same shi shi kaɗai na ce awona ba daidai ba ne, ƙasar da ke zubo ruwa ta kusa ninka abin da na rubuta. Ya ajiye biro. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne abin da daga baya ya bazu a ofis ya iso kunnenku.

"Malam Garba, ba ƙauyenku ne a bayan hanyar nan ba? Ko dai ka je gida an ce maka kwalbati ta yi kaɗan, gada suke so?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙauyenmu ne, shi ya sa na ji labarin. Amma kada ka yarda da ni. Ka yarda da ni sau ɗaya, ga abin da ya jawo. Mu je ka leƙa madubi da idonka."

Ya yarda muka tafi, kuma wannan zan riƙa yaba masa a kai har in mutu. Ya bar motarsa a bakin kwari ya taka burtali da takalminsa mai sheƙi, rana tana dukansa. Ni na riƙe sandar awo, shi ya leƙa madubi. Ya auna bakin tabkin, ya auna ƙasan burtali a inda ya yanke jigawa, ya sake aunawa. Ƙasan burtalin yana ƙasa da inda ruwan tabki ke kaiwa idan ya cika. Kawu Buba yana tsugune a gefe riƙe da sandarsa, sai da injiniya ya naɗe takardarsa sannan ya tambaye ni da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai shi wannan madubin nawa ake sayar da shi, don shi kyauta ya faɗa. Injiniya ya yi dariya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. A hanyar komawa ya ce za a sake lissafi, za a gina ƙaramar gada mai baki huɗu. Sannan ya rage murya.

"Amma ba zan iya neman ƙarin siminti ban faɗi dalili ba. Zan rubuta cewa awon farko kuskure ne, kuma sunanka ke ƙarƙashinsa. Ba zan aika takarda biyu a mako guda ba, ɗaya ta ce ka yi kuskure, ɗaya ta ce a tura ka kwas. Ka gane?"

Na ce na gane. Aka cire sunana aka sa na wani abokin aikina, mutumin kirki, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, ko da yake duk lokacin da ya zo Gaya a mota daga baya sai in ji ina da aiki a daji. Ba a sake buɗe mini wannan ƙofar ba. Na yi ritaya ina safiyo kamar yadda na fara. Abin ya yi mini ciwo, kuma abin da ya fi ciwo shi ne damina ta gaba ma ba a yi ruwan kirki ba. Gada mai baki huɗu tana tsaye a kan busasshen rairayi, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Direbobin gyaɗa suka sa mata suna gadar Garba, ba don yabo ba. A kasuwar Ajingi wani ya taɓa tambayata ko jirgin ruwa nake jira ya wuce ta ƙasa. Har ni kaina na fara tunanin ko na sayar da Kaduna ne a kan labarin tsofaffi.

Sai a damina ta biyu bayan an gama ginin, sannan ruwa ya dawo. Cikin marka aka kwana uku ana yi ana ɗaukewa, ƙasa ta ƙoshi. Rana ta huɗu da hantsi ina Gaya na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta arewa maso gabas, aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauki keke, inda ya ƙi tafiya na tura shi, inda ya ƙi turuwa na saɓa shi a kafaɗa. Ban isa gadar ba sai bayan azahar, jikina duk taɓo. Ruwan kwari yana wucewa ta baki huɗun nan, bai kai rabinsu ba. Na ce a raina, ashe baki biyun ma da sun isa, na yi asarar banza. Ina tsaye ina wannan tunanin sai na ji ƙara daga gabas, yara a kan hanya suka fara ihu suna nunawa. Ruwan burtali ne. Launinsa daban, ja ne, ɗauke da kashin shanu da karan dawa da shingen ƙaya na gonakin mutane. Ya afka cikin kwarin gaba ɗaya. Ina kallo baki huɗun suka fara cika, ruwan ya fara taruwa a bayan hanya yana lasar gonakin da ke ƙasan ƙauye. Na kwanta rubda ciki a kan gadar na miƙa hannu ƙasa. Tsakanin ruwa da saman ƙofar taƙi ɗaya ne. Na bar hannuna a wurin ina ta salati, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Bai ƙaru ba. Wajen la'asar ya zama taƙi biyu, sannan kamu guda. Na tashi na zauna dirshan a kan hanya. Wata mata mai tallan nono ta tambaye ni ko zazzaɓi ne.

Babu wanda ya zo ya yi mini godiya, kuma ba su da laifi, don a wurinsu babu abin da ya faru. An yi ruwa, ya wuce. Na ja keke na shiga ƙauye ina duba katangu ɗaya bayan ɗaya, duk suna tsaye, rumbuna a kan duwatsunsu, wani tsoho yana gyara jinkar da iska ta ɗaga. Tun daga zaure na jiyo muryar Inna tana faɗa. Na shiga da sauri. Tana tsakar gida, hannu a ƙugu, tana yi wa matar ƙanena masifa don an bar mata itace a waje ruwa ya jiƙa shi, yanzu da me za a dafa tuwo. Ta juyo ta gan ni, taɓo har gira.

"Shi kuma wannan daga ina? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

"To ba kowa, shi ne za ka shigo mini da taɓo har ƙofar ɗaki?"

Ta koma kan maganar itacenta. Na zauna a kan turmi ina sauraro, hawaye yana zubo mini, ina dariya. Duk ɓarnar da ruwan ya yi a gidanmu ke nan, itace ɗauri biyu. Ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.